Tsakar Gida a Abare: Tarihin Turmi, Zinariya da Gubar Dalma

Gabatarwa

Duk sa'ad da aka tayar da zancen tarihin ƙasar Zamfara, abin da ya fi saurin zuwa bakin mutane shi ne sarakuna da yaƙe-yaƙe: yadda Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, da yadda gidan sarautar ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka, da kuma yadda aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato ran 1 ga Oktoba, 1996. To amma akwai wani tarihin wanda maroƙa ba su cika waiwayarsa ba, watau wanda ake yi a tsakar gida, tsakanin murhu da turmi, inda yaro ke rarrafe. Shi muke so mu bi a wannan maƙala.

Abare ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Anka, a yammacin jihar, cikin yankin da ya haɗa Anka da Bukkuyum da Gummi. A shekarar 2010 sunansa ya shiga jerin ƙauyukan da gubar dalma ta yi wa ɓarna, tare da Dareta da 'Yargalma da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru da Bagega. An ƙiyasta yara kimanin 400 ne suka rasu a yankin. Tambayar da za mu bi ita ce, ta wace ƙofa wannan guba ta shiga har ta iske yaran da ko zaure ba su isa fita ba?

Tsakar gida kafin zuwan dutse

Gidan Bahaushe na karkara, kamar yadda muka sani, daga zaure yake farawa, inda baƙo namiji ke tsayawa. Bayan zaure sai tsakar gida, fili ne na ƙasa wanda ɗakuna da rumbu da madafi suka kewaye. Nan ne duniyar mata da ƙananan yara. Da asuba a hura wuta a ɗumama tuwo ko a dama kunu. Hantsi na dubawa sai surfe da baƙace da daka, wani lokaci mata biyu ko uku a turmi guda suna lugude. A nan ake shanya tsaba da kuka da kuɓewa da barkono. A nan ake yi wa jariri wanka, a nan kuma ake shimfiɗa tabarma da dare a yi tatsuniya.

Abin lura shi ne, tsakar gida tun asali wurin sana'a ce. Macen da ke cikin kulle ba ta zuwa kasuwa, amma kasuwa takan zo mata har ɗaki. Kakanninmu mata sun yi kaɗi da saƙar faifai, sun yi ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa da fura, yara kuma suna kai talla. Da abin da mace ta tara take yin biki, take haɗa wa 'yarta kayan ɗaki. Saboda haka duk aikin da ake iya yi da turmi da taɓarya da faifai, hanyarsa a buɗe take zuwa cikin gida, ba kuwa wanda zai ga baƙonsa.

Shi kuwa yaro, a bayan uwarsa yake fara ganin duniya. Tana daka yana goye, tana tankaɗe yana goye, abin da ta shaƙa shi yake shaƙa. In ya yi ƙwari aka sauke shi, ƙasa ce shimfiɗarsa, ita ce kuma abin wasansa. Ya yi rarrafe, ya damƙi abin da ya samu ya kai baki. In ya fara tafiya ya bi yayyensa wasan tuwon ƙasa, 'yan mata na carafke da tsakuwa yana gefe yana kallo. Har a yaye shi, wajen shekara biyu, da wuya ya yi nisa da wannan fili. Iyaye kuwa hankalinsu kwance, domin abin tsoro a waje yake: rijiya, da maciji, da kududdufi. Wa zai ji tsoron ƙasar gidansa?

Yadda dutse ya shigo gida

Zinariya ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Tun zamanin Turawa aka yi ta haƙar ta a arewa maso yammacin Nijeriya, aikin ya bunƙasa a shekarun 1930, sa'an nan ya ja baya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya sake ta da shi daga nesa ya taso. A 2005 ana sayar da oza ɗaya ta zinariya kimanin dalar Amurka 450 a kasuwar duniya. A 2008, shekarar da bankunan ƙasashen Turai da Amurka suka shiga rikici, masu kuɗi suka yi ta neman mafaka a zinariya, farashin ya kai dala 1,000, kafin ƙarshen 2010 kuma ya kai kimanin 1,400. Manomin gero da dawa wanda a da sai ya tafi cin rani, sai ga shi yana iya samun kuɗi a bayan garinsu.

Ga yadda aikin yake. Maza su shiga rami su fasa dutse, a ɗura a buhu a ɗauko a kan babur. A farfasa shi da guduma, a niƙa ya zama gari, a wanke garin da ruwa, a zuba zaiba ta kama zinariyar, sa'an nan a ƙona zaibar ta tashi ta bar zinariya. Rami kaɗai ne aikin daji. Sauran duk ana iya yin su a gari, kuma abu mai daraja ba a barin sa inda ido ba ya kai. Don haka buhunan suka ƙetare zaure. Mata suka karɓi fashi da daka kamar yadda suka saba karɓar surfe, a turamen da suke da su. Injin niƙa na hatsi ya koma niƙa dutse. Garin da aka wanke aka riƙa shanya shi a tsakar gida, inda ake shanya tsaba.

Abin da ba a sani ba shi ne, wasu daga cikin ramukan da aka shiga haƙa dutsensu cike yake da dalma, har wani ya haura kashi 10 cikin 100. Muddin dutsen na dunƙule, cutarsa kaɗan ce. Niƙa shi a bushe ne ya mai da shi ƙura mai laushi, wadda ba ta da wari, ba ta da ɗaci, launinta kuma bai bambanta da na ƙasa ba. Ta sauka a kan tuwo, da bakin randa, da zanen goyo, da tafin hannun mai rarrafe.

Shekarar 2010

Agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kawo kome a ransa. Daga nan sai yara: ciwon ciki, amai, kasala, sai taune-taune da suma. Aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba da maganinsa, bai yi ba. A watan Maris na 2010, ma'aikatan Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, watau MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan cutar sanƙarau, suka ci karo da labarin yawan mutuwar yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Da aka aika da jini ƙasar waje aka auna, sai aka ga dalma ce.

A watannin Mayu da Yuni masana daga Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka tare da jami'an lafiya na Nijeriya suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma. Daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin watanni 12, watau ɗaya cikin huɗu. A ma'aunin likitoci na wancan lokaci, in dalmar da ke jinin yaro ta kai maki 10 abin damuwa ne, in ta kai 45 sai magani. Kashi 97 cikin 100 na yaran da aka gwada sun kai 45 ko sun wuce. Na'urar hannu da aka zo da ita ba ta karanta fiye da 65, akasarin yaran kuwa sun zarce iyakarta. Kimanin gida biyu cikin kowane uku an tarar ana sarrafa dutse a cikinsa.

Me ya sa yara, alhali manya ne ke aikin? Dalili na farko mun riga mun gan shi, hannu baka. Na biyu, hanjin ƙaramin yaro yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke tsotsa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana, kuma abin ya fi tsanani ga yaron da abinci mai gina jiki bai wadace shi ba. Na uku, jiki yana ɗaukar dalma tamkar sinadarin da ke gina ƙashi, ya ajiye ta a ƙashi shekara da shekaru, ta kuma shiga ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa ba. Mace mai ciki ma tana iya miƙa ta ga ɗan da ke cikinta. Ashe ke nan duk hanyoyin da uwa ke bi ta reni ɗanta, goyo da ciyarwa da ajiye shi kusa da ita, su gubar ta bi. Wannan ba sakaci ba ne na iyaye mata. Sun yi abin da iyayensu suka yi, kayan da ke cikin turmin ne ya sauya.

Kankare ƙasa

Maganin da MSF ta riƙa bayarwa a Anka da Bukkuyum, wanda ake kira DMSA, yana kama dalmar da ke jini ya fitar da ita ta fitsari, ana kuma shan sa na tsawon makonni. To amma an ce sai an kashe wuta ake maganin ƙuna. In yaro ya sha magani ya koma rarrafe a kan ƙasar da ta ba shi cutar, an yi aikin baban giwa. Dole sai an warkar da gidan tukuna.

Matakin farko daga sarakuna ya fito. Masarautun yankin suka ba da umarni a fitar da aikin dutse daga cikin gidaje zuwa bayan gari. Sa'an nan kamfanin TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith, dukansu daga Amurka, tare da Ma'aikatar Muhalli ta jiha, suka tsara aikin tsabtacewa. Mutanen ƙauyukan ne suka yi shi da hannunsu, da fartanya da shebur da buhu. A auna ƙasar gida da na'ura, a kankare samanta kimanin santimita biyar, a kwashe a kai ramin da aka tanada a binne, a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. A share ɗakuna, a wanke kaya, a yashe kududdufan da aka yi wanki a cikinsu.

An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, kafin damina ta tsayar da aikin. Abare na cikin kashi na biyu, tare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru, daga Oktoban 2010 zuwa Maris na 2011, da tallafin Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun yi ta gangami kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin. A jimlace an tsabtace gidaje da wuraren sarrafa dutse 820 a ƙauyuka takwas. Matsakaicin abin da ake samu a jinin yaran da ke zuwa karɓar magani ya sauko daga maki 149 zuwa 15 a cikin shekaru huɗu.

Abin da ya biyo baya

Kankare ƙasa aikin watanni ne, sauya ɗabi'a kuwa aikin shekaru. Ba a daina haƙar zinariya ba, domin talauci bai tafi ko'ina ba. Abin da aka yi ta koya wa jama'a ƙananan abubuwa ne na yau da kullum: mai aikin dutse ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa, a raba turmin hatsi da na dutse, a jiƙa dutse kafin a niƙa don ƙura ta kwanta, a zaunar da yaro a kan tabarma, a wanke masa hannu kafin ya ci abinci. Har kwallin da muke sa wa jarirai ya shigo cikin zancen likitoci, domin sau da yawa daga dutsen dalma ake yin sa.

A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a yankin Shikira na Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja, inda yara kusan 30 suka rasu. A Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, ta kuma ɗage hanin a Disambar 2024. MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a farkon 2022, bayan ta auna jinin yara 8,480, ta kuma ba 3,549 daga cikinsu maganin fitar da dalma.

Kammalawa

Yaran da suke goye ko suke rarrafe a Abare a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata. Magani ya ceci rayuka da yawa, amma ba ya mayar da abin da dalma ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa. A yankin akwai waɗanda suka tashi da makanta, ko shanyewar gaɓoɓi, ko wahalar riƙe karatu, kuma iyayensu mata ne ke ɗauke da su a cikin gidajen nan dai. 'Yan matan da suka tsira kuwa sun kusa zama iyaye, ko sun zama, alhali dalmar da ta kwanta a ƙashi tana iya komawa jini a lokacin goyon ciki. Wannan ne ya sa awon jinin masu ciki da ƙananan yara a ƙauyukan haƙar zinariya bai kamata ya tsaya ba don baƙin likitoci sun tafi.

Allah Ya jiƙan yaran da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya kuma raya waɗanda suka rage.