Daga Ƙurar Hunturu Zuwa Ɗakin Hoton Ƙirji: Tarihin Kāriya Daga Tururin Nukiliya a Gana

Duk wanda likita ya tura daga unguwar Zogbeli zuwa ɗaukar hoton ƙirji a Asibitin Koyarwa na Tamale zai lura da abu guda: da ma'aikaci ya daidaita shi a gaban na'ura, sai ya koma bayan shamaki kafin ya danna maɓalli. Maras lafiya sau ɗaya hasken zai ratsa shi ya tafi gida. Ma'aikaci kuwa nan ne wurin neman abincinsa, shekara da shekaru, abin da jiki ya sha kuma taruwa yake yi.

Darasin da tsada aka saye shi. Wilhelm Röntgen ya gano wannan haske a Jamus a 1895, kuma kafin shekara goma ta cika, Clarence Dally, mai taimaka wa Thomas Edison a Amurka, ya rasa hannuwansa biyu, ciwon daji ya kashe shi a 1904. Sai a 1928 aka kafa kwamitin duniya mai tsara ƙa'idojin kāriya a birnin Stockholm.

A Gana, tsoron tururin nukiliya daga sama ya fara zuwa. Da Faransa ta ɗaura niyyar gwada bam a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, mutanen arewa ba su buƙaci malamin kimiyya ya gaya musu inda iskar hunturu take fitowa ba. A watan Disamba na 1959 wani ayarin masu adawa da gwajin, ciki har da Michael Scott da Bayard Rustin, ya tashi daga Ankara ya bi hanyar arewa har Bawku, da nufin isa wurin gwajin. Jami'an Faransa suka tare su a Bittou, cikin ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. Ranar 13 ga Fabrairu, 1960 bam ya tashi, Kwame Nkrumah ya mayar da martani da riƙe kadarorin Faransa da ke ƙasarsa.

Nkrumah bam ya ƙi, ilimin kuwa yana so. Ya kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Gana a 1963, ya aza harsashin cibiyarta a Kwabenya a 1964. Juyin mulkin 1966 ya tsayar da aikin, ƙaramin injin bincike da aka samo daga Sin bai fara aiki ba sai tsakiyar shekarun 1990.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne jinkirin doka. An yi shekaru ana ɗaukar hoton ƙashi a asibitocin ƙasar, amma sai a 1993 aka kafa hukumar kāriya daga tururi mai ikon ba da lasisi da duba wuraren aiki. Ita ma da sauran rina a kaba, domin a ƙarƙashin Hukumar Makamashin Nukiliya aka ajiye ta, wato gida ɗaya ke amfani da kayan, shi ne kuma ke sa wa kansa ido. Ko da ma'aikatan sun kasance masu amana, tsarin bai yi ba. Doka mai lamba 895 ta shekarar 2015 ce ta raba su, ta samar da hukumar sa ido mai cin gashin kanta.

Ƙa'idojin da ma'aikacin Tamale ke bi a yau ba su da wuyar fahimta. Ya rage lokacin da yake yi kusa da na'ura. Ya ja da baya, domin idan tazara ta ninka, ƙarfin hasken kan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ya sa dalma tsakaninsa da hasken, ko a shamaki ko a rigar da yake ratayawa. Ɗan ma'aunin da yake maƙalawa a ƙirji kuwa ba ya kāre shi daga komai. Aikinsa ƙidayar abin da jiki ya sha. Iyakar da kwamitin duniya ya tsayar a 1990 ita ce milisibat 20 a shekara, bisa matsakaicin shekara biyar, maimakon 50 na da. Ga sauran jama'a, milisibat 1 ne kacal.

A nan nisa ke shigowa. Ma'aunin ba ya magana da kansa, sai an kai shi ɗakin bincike an karanta, kuma cibiyar Kwabenya tana gefen Ankara, tafiyar kimanin kilomita 600 daga Tamale. Idan sakamako ya makara, ko ma'aikaci ya bar ma'auninsa cikin aljihun tebur, lissafin wannan zango ya ɓace, babu kuma yadda za a sake auna hasken da ya riga ya ratsa jiki.