Zanen Bango Gadonmu Ne: Tarihi Kafin Mu Yanke Hukunci

 

'Yan'uwa mazauna wannan unguwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar katangar makarantar Islamiyyarmu. Kowa ya san ruwan 2022 ya kayar da tsohuwar katangar ƙasa, muka yi karo-karo aka tayar da ta bulo. Ba a daɗe da shafe ta ba aka wayi gari an cika ta da rubutu. Wannan ya sa sunan ƙungiyar ƙwallonsa, wancan ya sa lambar wayar mai gyaran sola, 'yan siyasa kuma suka zo da nasu fentin a zaɓen 2023. Yanzu samarinmu sun nemi izini su haɗu su goge ta, su yi mata zane guda mai kyau. Wasu dattawa sun ce a'a, wannan ɗabi'ar Turawa ce da yara suka gani a waya. An tambaye ni bayan sallar Magariba, na ce a ba ni lokaci, domin maganar tana da tarihi, kuma bai kamata a yanke ta a tsaye ba.

Mu fara daga yadda muka zo nan. Da yawa daga cikin kakanninmu fatauci ne ya kawo su ƙasar Bade, daga Kano da Haɗeja da Gumel da Damagaram. Da titin jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, sai harkar gyaɗa da ƙaro da fatu da bandar kifi ta buɗe, mutane suka ƙara kwararowa Nguru da Gashuwa, wasu suka gangaro Jakusko. Sun tarar da masu gari, Badawa da Mangawa da Fulani, aka karɓe su da mutunci. To, baƙon da ya samu wurin zama, abin da yake fara yi in Allah ya buɗa masa shi ne ya gina zaure. Kuma a garuruwan da suka baro, zauren attajiri ba a barin fuskarsa haka nan, sai an yi mata ado.

Wannan ado sana'a ce mai shugabanni. A manyan biranen Hausa akwai Sarkin Magina. Wanda sunansa ya fi fita shi ne Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Da tubali da azara ya ɗaura bakan gizo, aka ƙawata ginshiƙan da zane tun ƙasar tana ɗanya. Har yau akwai unguwar da ake kira Babban Gwani a birnin Zariya. Wanda ya je Kano ya shiga Gidan Makama, ko ya je Damagaram ya zaga unguwar Birni, zai ga irin wannan hannu a jikin soraye.

Yadda ake yi kuwa, bayan an gama gini an yi yaɓe, gwani yakan bi da hannu yana fitar da zanen ya taso a jikin bango, ko ya tsaga shi da ƙarfe kafin ya bushe. Don ruwa kada ya wanke, sai a shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Ku lura da wannan: kafin bango ɗaya ya yi kyau, sai marini ya ba da nasa, majemi ya ba da nasa, mai itace ya kawo azara. Launi kuma farar ƙasa ce da jar ƙasa da shuni, kafin fentin kanti ya zo.

Shi kansa zanen ba daga sama ya faɗo ba. Dagin da kuke gani a ƙofar zaure, shi ne a aikin babbar riga, shi ne a jikin alabe da gafakar baduku, kuma danginsa ne zayyanar da ake yi wa allo ranar saukar Alƙur'ani. Dagin nan ne ya zama tambarin Arewa tun zamanin Sardauna Ahmadu Bello. Ni da na yi allo, na tuna yadda muke zagaye mai zayyana muna kallon hannunsa, kamar kada ya gama. Don haka wanda ya ce zane baƙon abu ne a wurin Musulmin Hausa, ya duba allon saukarsa.

Sannan magabata ba su tsaya a kan tsohon zane kaɗai ba. Da siminti ya shigo, musamman daga shekarun 1940 zuwa 1960, attajiran Zariya da Kano suka riƙa sa magina su fitar musu da keke da mota da agogo da jirgin sama a fuskar gida, kusa da dagi da takobi. Mai wucewa yana ɗaga kai zai gane mai gidan nan ya yi arziki a fatauci, ko ya sauke farali. Wato bango yana ba da labarin zamaninsa. Yaron da yau yake son zana famfon sola ko kwalekwalen masunta, hanyar waɗancan ya bi, ko bai sani ba.

Abu na biyu da nake so mu riƙe shi ne, aikin na taro ne. Gwani ɗaya ne, amma masu kwaɓa ƙasa da masu jifan tubali da masu ɗebo ruwa 'yan unguwa ne. Kafin damina akan yi gayyar yaɓe, yau gidan wannan, gobe gidan wancan, mai gida ya dama fura ya dafa tuwo. Mata ma suna da tasu gayyar, wato daɓe. Su taru a ɗakin amarya da madaɓai suna bugun ƙasa suna waƙa har ta yi santsi, su shafe bango da farar ƙasa, sannan a yi jere. Na ga ƙarshen wannan da idona ina yaro. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan rufe shago ranar yaɓen masallaci, ya ce cinikin yau na lahira ne.

To, yaushe abin ya canza? Bulo da kwano sun zo, gini ya koma na kwangila, mai gida ya biya birkila ya sallame shi, ba wanda ya ƙara jin yana da hannu a bangon maƙwabcinsa. Sai siyasa ta samu fili. Iyayenmu sun ba mu labarin fartanyar NPC a jamhuriya ta farko. Mu kuma mun buɗe ido a 1979 da 1983 muka ga makullin PRP da gida da masara na NPN a jikin katangu, lokacin muna cikin tsohuwar jihar Borno, tun kafin a ƙirƙiro Yobe a 1991. A 1993 sai ga dokin SDP. Daga nan rubutun dare ya zama jiki. A zo ba sallama, a shafa, mai gida ya wayi gari da alamar jam'iyyar da ba tasa ba. Wallahi na san maƙwabta biyu da suka shekara ba sa gaisawa a kan haka.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa sama ba. A Dakar ta ƙasar Sanigal, wajen 1990, samari sun gaji da ƙazanta da rikicin siyasa, suka tashi unguwa-unguwa da wani yunƙuri da suka kira Set Setal, wato tsabta da tsabtacewa a harshen Wolof. Suka kwashe bola, suka yashe kwatoci, suka zane katangu da hotunan shehunansu da jan kunne a kan lafiya. A Jamus ma, bayan katangar Balin ta faɗi a 1989, masu zane sama da 100 daga ƙasashe daban-daban sun haɗu a 1990 suka ƙawata wani yanki nata da ya wuce kilomita 1. Ba cewa nake mu kwaikwaye su a komai ba, hoton fuskar shehu a bango ba tsarinmu ba ne. Abin dubawa shi ne, bangon da jama'a suka yi wa aiki tare, jama'a ne ke tsaronsa.

Ga ra'ayina, kuma shawara ce, ba umarni ba. A ba samarin nan izini, amma bisa sharuɗɗan da magabata suka bi. Na farko, a yi da rana, da yardar kwamitin makaranta da mai unguwa, kuma kada a taɓa bangon kowa sai mai shi ya amince. Na biyu, a bar hoton mutum da dabba. Malamanmu ba su ga laifi a hoton abin da ba shi da rai ba, ga dagi, ga allo da tawada, ga giginya da kogi da zangarniyar gero. Na uku, kada a rubuta aya ko sunan Allah a bangon titi, inda kwata ke bi, awaki ke goga jiki. Wannan kuskure ne da har manya ke yi don hana fitsari, ya kamata mu daina. Na huɗu, ba alamar jam'iyya, ba habaici ga kowa. Na biyar, a gayyaci samarin Badawa da Fulani maƙwabtanmu, tunda 'ya'yansu ma suna karatu a makarantar, su kawo irin adon da suka gada.

Su kuma dattawa, ina roƙon alfarma. Akwai tsofaffin magina biyu ko uku da suka rage a cikinmu, waɗanda hannunsu ya san dagi tun ba a san bulo ba. In suka tafi ba su koya wa kowa ba, shi ke nan. A zaunar da su a inuwa ranar aikin, su zana a ƙasa, yara su ɗauka su mayar a bango. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In muka hana yaran nan aikin rana, masu fentin dare ba su nemi izininmu ba dama, kuma zaɓe na tafe.

Ni dai na yi alkawarin galan biyu na fenti daga shagona. Wanda ke da tsani ko buroshi ko abin dama kunu, ya sanar da kwamiti bayan sallar Juma'a. Allah ya haɗa kanmu, ya shiryi zuri'armu, ya jiƙan waɗanda suka kafa mana wannan unguwa. Amin.