Kibiya Da Abin Da Ke Karya Ta

Ya ku 'yan makaranta, kun sha jin labarin barade da dawakinsu, amma ba safai akan ba ku labarin kibiya ba. To, ku saurara.

Mutanen Kazaure sun ce wani maharbi ne, wai shi Kutumbi, ya fara zama a gindin duwatsun nan. Ashe tun asali garin na masu baka ne. Sa'ad da Ɗan Tunku ya ƙi bin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, a shekara ta 1819, aka yi shekaru ana fafatawa, duwatsun nan suka zama mafakarsa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba Kazaure da Kano. A cikin duwatsu kuwa doki ba ya sakewa, rana ta mai kwari ce. Wanda kibiyarsa ta karye a bisa tsirkiya, sai wani ya ba da labarinsa.

Kibiyar kakanninmu abu uku ce: ƙarfen da maƙeri ya ƙera, da kyauron fadama, da jijiyar da ta ɗaure su. Ba su sa mata gashin tsuntsu kamar ta Turawa. Abu huɗu ne ke kashe ta.

Na fari, ɗanyen kyauro. In an yanke shi bai ƙosa ba, sai ya tanƙware garin bushewa, ya yi rauni. Don haka sai ya nuna sarai ake yanka, a shanya, kana a miƙe shi da zafin wuta.

Na biyu, mahaɗa. Wutsiyar ƙarfen tana cikin kyauro, in kibiya ta bugi dutse ko sulke, sai wutsiyar ta nutse ta tsaga shi, kamar yadda gatari ke faskara itace. Maganinsa a naɗe wurin da jijiya tamau, a naɗe gindin da tsirkiya ke shiga.

Na uku, laima. Jijiya in ta jiƙe sai ta saki, ƙwari kuma su huda kyauron da aka yasar. Shi ya sa maharbi ke rataye kwarinsa inda ruwa ba ya taɓawa.

Na huɗu, rashin dacewa. Baka mai ƙarfi yakan lanƙwasa siririn kyauro tun bai bar hannu ba. Turawan da suna da wani baka da ake girkawa a kan kota, a ɗana shi kamar bindiga. Saboda tsananin ƙarfinsa sai gajeriyar kibiya mai kauri suke sa masa.

Amma fa ku lura, ba don ta daɗe ake yin kibiyar yaƙi ba. Tana da kunnuwa, ta sha dafin kwankwani, in ta shiga jiki ko ta karye ta gama aikinta. Abin gudu shi ne ta karye kafin ta isa.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, bindiga ta rufe zamanin baka a fagen fama. Amma darasin yana nan. Maharbi a gida yake duba kibansa ɗaya ɗaya, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ma ku duba naku tun jarrabawa ba ta zo ba. Allah Ya ba mu sa'a, amin.