Tafinta a Tsakanin Ɗalibin Jinya da Majinyaci: Nazarin Koyar da Ɗa'ar Aiki a Paraku da Jugu

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ɗa'ar aikin jinya ke fita daga aji ta isa bakin gadon majinyaci a arewacin Jamhuriyar Benin. Matsayarta ita ce neman amincewar majinyaci da rufa masa asiri sun fi lalacewa a wajen tafinta, don haka a can ya kamata darasin ya fi tsayawa.

Gabatarwa

An kafa Jami'ar Paraku a 2001. A yau tana da tsangayar likitanci da cibiyar IFSIO mai horar da nas-nas da ungozomomi, ɗalibanta kuma suna gwajin aiki a asibitin koyarwa na garin. A Jugu, babban birnin jihar Donga, akwai asibitin ƙungiyar Ordre de Malte. Garuruwan biyu tsofaffin zangon fatake ne a kan hanyar goro daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, shi ya sa har gobe ake jin Dendi da Barbanci da Fulatanci da Hausa a layin ganin likita guda, ga kuma Yom da Lokpa a wajen Jugu. Karatun jami'a kuwa da Faransanci ake yin sa.

Waiwaye

Littafin Beauchamp da Childress na 1979 ya ɗora ɗa'ar aikin lafiya a kan ginshiƙai huɗu: mutunta zaɓin majinyaci, kyautata masa, ƙin cutar da shi, da adalci. Maƙalar ba ta jayayya da wannan.

Jayayyarta da masu ɗora laifin duka a kan halin ma'aikaci ce. Binciken da Jaffré da Olivier de Sardan suka jagoranta, wanda ya fito a 2003, ya bayyana tsawa da wulaƙanci da fifita ɗan gida a asibitocin Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa kan cin zarafin mata a ɗakunan haihuwa. Gaskiya ne duka. Sai dai mutane da yawa sun karanta su sun kammala da cewa maganin shi ne ƙarin nasiha a aji. Ɗaliba mai haƙuri da tarbiyya ma za ta iya tona asirin mace ba tare da ta ɗaga murya ba.

Hanyar Bincike

An karanta ayyukan da aka ambata, da kundin ɗa'a na Majalisar Nas-nas ta Duniya wanda aka fara a 1953 aka sabunta a 2021, sannan aka auna su da yanayin harsunan garuruwan biyu.

Sakamako

A ɗauki mace daga unguwar Zango wadda naƙuda ta yi wa gardama, likita ya ce sai tiyata. Tun 2009 gwamnatin Benin ta ɗauke kuɗin wannan tiyata, amma ba ta ɗauke tambayar wa zai ce to ba. Takardar amincewa da Faransanci take. Ɗalibar da ke riƙe da ita 'yar kudu ce, Fon take ji. Sai a leƙa baranda a kira mai jin yaren matar: mijin, ko uwar miji, ko mai shara. Ɗalibar ta yi bayani mai tsawo kan haɗarin jini da allurar kashe zafi, tafintan ya dunƙule shi a kalma huɗu, "za a yi aiki". Matar ta sunkuyar da kai, a kama babban yatsanta a dangwala a tawada. A takarda an sami amincewa, alhali ba ta ji abin da ta amince da shi ba.

Asiri ma ta nan yake zuba. Tambayar ciki nawa ta taɓa yi, ko ta taɓa ɓari, ko tana shan maganin tsarin iyali, duk ta bakin surukarta za su bi in ita ce tafinta. Kunya za ta sa ta ɓoye, ɓoyewar kuma ta sa a yi mata maganin da bai dace ba. In sakamakon gwajin ƙanjamau ne, tafintan ya riga mai cutar ji.

Shirun ma ba a bakin komai yake ba. Carolyn Sargent, wadda ta yi bincike a cikin Barba ta kuma wallafa littafi kan haihuwa a Paraku a 1989, ta nuna cewa a wurinsu daure zafin naƙuda ba tare da ihu ba mutunci ne. Ɗalibin da bai san haka ba zai ga mace ba ta ko nishi ya ɗauka lafiya lau take, ko ya ɗauki shirunta a matsayin yarda.

Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata a koyar, a kuma jarraba a gaban gado: tambayar majinyaciya wa take so ya yi mata tafinta kafin a kira kowa, fitar da dangi a lokacin tambayoyin sirri, kallon fuskarta ba ta tafinta ba, da sa ta maimaita bayanin da bakinta kafin a kawo tawada.

Iyakoki

Za a ce binciken na takarda ne, aikin Sargent ya kwana biyu, na Jaffré kuma bai shafi Benin ba. An yarda. Amma harsunan da ke layin asibiti ba su ragu ba tun lokacin.

Shawara

Cibiyar horarwa ta sa gaisuwa da tambayar ciwo da bayanin tiyata cikin Dendi ko Barbanci a jerin abin da ake cin maki da shi, ta haɗa ɗan kudu da ɗan arewa a rukunin gwajin aiki guda. Asibitoci kuma su ware tafintoci mata, a ɗaure su da alkawarin riƙe sirri irin wanda ya hau kan nas.