Kasuwa da Abincin Hausawa a Idon Baƙi: Clapperton da Barth

Littattafan tarihi da malaman ƙasar Hausa suka bari, irin su Tarihin Kano, sun fi mayar da hankali ga sarauta da yaƙe-yaƙe da zuwan malamai. Ba su kula da abin da talaka yake saye ya ci a kasuwa ba, domin abin da kowa ya sani ba ya bukatar a rubuta shi. Saboda haka mai nazarin tarihin abincin Hausawa na ƙarni na 19 tilas ne ya koma ga rubuce-rubucen baƙi, waɗanda komai ya zame musu sabo. Wannan maƙala za ta dubi biyu daga cikinsu, ta kuma nuna irin hattarar da ya kamata a yi wajen karanta su.

Hugh Clapperton, hafsan jiragen ruwa na Ingila, ya iso Kano daga Barno a watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. A littafin da aka buga a 1826 ya bayyana kasuwar birnin, wato Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Muhammadu Rumfa. Ya ga yadda ake biyan kuɗin rumfa wata-wata, da yadda ake ciniki da wuri. Kusa da mahauta ya tarar da masu gasa nama a fili: an tsire ƙananan yanka a jikin tsinke, tsoka da kitse bi da bi, an kafa su kewaye da wuta. Mutum yakan ci ya sha da abin da bai wuce wuri ashirin ba. Ya lura cewa masu gida a gida suke cin abinci, mata kuwa ba su zuwa irin wannan wuri. Bai ƙyale ha'incin wasu mahauta ba, masu manna gashin tumaki a ƙafar akuya don a ɗauka naman rago ne.

Sai dai Clapperton bai ji Hausa ba, kuma yawancin bayanin da ya samu ta bakin Larabawan Kano ya fito. Don haka sarkin kasuwa ya zama shehin kasuwa a rubutunsa, fura kuma ya kira ta ruwan gero, da kalmar Larabci ta gero. Abincin alkama iri uku da ya gani bai faɗi sunayensu ba, sai ya kwatanta su da burodin ƙasarsu. Mai karatu Bakano ne kaɗai zai iya hango gurasa da alkaki a cikin wannan kwatanci.

Heinrich Barth, Bajamushe, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo ta Agadas da Damargu, ya isa Kano a watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarki Usman. Shi ya koyi Hausa tun a hanya, kuma wannan ya bambanta aikinsa da na magabacinsa. A kasuwar Tasawa ya ga ana sayar da gasasshiyar fara, ya rubuta sunanta. Haka ya rubuta fura da tuwo da daddawa da sunayensu na Hausa, ya kuma danganta daddawa da itacen ɗorawa. Littafinsa mai juzu'i biyar, wanda ya fito a 1857 da 1858, ya zama shaida cewa waɗannan kalmomi da abin da suke nufi ba su sauya ba cikin shekaru fiye da 170.

Daga nan za a ga cewa baƙunta tana da amfani ga tarihi, amma tana da iyaka. Baƙo yana ganin abin da ɗan gari ya daina gani, sai dai yakan auna shi da mudun ƙasarsu. Wanda bai ji harshe ba siffa kawai yake bari, sai an yi aikin gano sunan. Wanda ya ji harshe yakan bar suna, amma da rubutun da ya bi kunnen Bature, babu ƙugiya babu tsawon wasali. Aikin da ke gaban masana shi ne su ɗauki waɗannan bayanai ɗaya bayan ɗaya, su gwada su da ƙamusun Bargery na 1934 da kuma abin da tsofaffin mahauta da masu tuya suka gada, kafin a kafa hujja da su.