Suna Ɗaya, Ƙasa Biyu: Tabar Habana da Kishiyoyinta

Wanda ya shiga kantin taba na unguwa a birnin Tampa ko Miami a Amurka, zai tarar da wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da katakon sidar, an tsare laimarsa a wajen kashi 70 cikin 100 don kada ganye ya bushe. A kan kantoci akwai akwatuna masu ɗauke da sunaye irin su Partagás da Montecristo da Cohiba. Wanda kuma ya shiga irin wannan kanti a Landan ko Madrid zai ga waɗannan sunaye ɗin dai, har ma da zane mai kama da juna. Amma na Landan daga Kyuba suke, na Tampa kuwa ko ganye ɗaya na Kyuba babu a cikinsu. Masu shan wannan taba sun daɗe suna gardama a kan wadda ta fi, alhali babu kantin da doka ta yarje wa ya ajiye su biyun gefe da gefe. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka kai ga haka.

Tabar da ake magana a kai ita ce wadda Sifaniyawa ke kira puro, ko habano idan ta Kyuba ce. A nan za a kira ta tabar naɗi, don a rarrabe ta da sigari mai takarda. Ganyen taba ce zalla, da hannu ake naɗe ta, kuma sassa uku gare ta: cikin, wato tripa, ganyen da ke ɗaure shi, capote, sai rigar waje, capa. Cikin ma gauraye ne. Ganyen ƙasan tsiro, volado, shi ke sa ta ci wuta sosai. Na tsakiya, seco, shi ke ba da ƙamshi. Na ƙoli da ya sha rana, ligero, shi ke da ƙarfi. Bayan an tsinke ganye ana shanya shi a rumfa kamar kwana 50, sa'an nan a jibge shi ya ɗau zafi ya tsimu, wani kuma a ajiye shi shekaru. Ke nan mai ɗanɗanawa yana auna abubuwa da dama a zuƙa guda: ƙasar da aka shuka, da irin, da tsimin, da gwanintar wanda ya haɗa gaurayen.

Turawa sun fara ganin ana shan taba a Kyuba cikin Nuwamba 1492, lokacin da Rodrigo de Jerez da Luis de Torres, mutanen Kolombus, suka iske mutanen Taino suna zuƙar hayaƙin naɗaɗɗen ganye. A 1717 Sarkin Sifen ya yi babakere a cinikin tabar tsibirin, ya hana manoma sayar wa kowa sai gwamnati. Manoman suka yi bore a 1717 da 1720 da 1723, a na ƙarshen aka kashe wasunsu aka rataye gawarwakinsu a bakin hanya. Sai a 1817 aka soke dokar, kuma daga nan ne manyan sunaye suka soma fitowa: Por Larrañaga a 1834, H. Upmann a 1844, Partagás a 1845, Romeo y Julieta a 1875. Galibin masu su baƙi ne. Jaime Partagás mutumin Kataloniya ne, Hermann Upmann kuwa Bajamushe ne mai banki. Abin da ya haɗa su shi ne ganyen Vuelta Abajo, wani yanki a lardin Pinar del Río, musamman gonakin San Juan y Martínez da San Luis.

Fernando Ortiz, a littafinsa na 1940 da ya gwama taba da sukari a tarihin Kyuba, ya ɗauki taba a matsayin amfanin ƙaramin manomi mai lura da kowane ganye, rake kuwa na manyan gandaye da bayi. Bambancin ya ɗan yi kaifi, domin bayi sun yi aikin taba su ma, amma yana da gaskiya a kan lurar. A masana'antun Habana akwai masu aikin ware taba bisa launi kaɗai, daga claro mai haske zuwa maduro da oscuro masu duhu, don duk wadda ke cikin akwati guda ta yi kama da 'yar'uwarta. Akwai kuma catadores, waɗanda aikinsu shi ne su sha su faɗi ko zuƙar na tafiya, ko wutar na ci daidai, ko ƙamshin ya yi. Tun 1865 ake ɗaukar mai karanta wa manaɗa jaridu da littattafai da babbar murya yayin da suke aiki, kuma ana danganta sunan Montecristo, wadda ta fito a 1935, da labarin Alexandre Dumas da suke son ji.

A wancan zamani gwajin mai saye bai wuce tsakanin wannan gidan Habana da wancan ba. Attajirin Landan yana da kantinsa, mai kanti ya san bakinsa, ya kan ajiye masa akwatunansa su ƙara tsimuwa. Winston Churchill na daga cikin masu sayayya a kantin Robert Lewis da ke titin St James's, kuma har yau da sunansa ake kiran doguwar tabar nan mai inci 7.

A Satumba 1960 gwamnatin Fidel Castro ta ƙwace masana'antun taba. A Fabrairu 1962 Shugaba Kennedy ya ƙaƙaba wa Kyuba takunkumin ciniki. Sakataren watsa labaransa, Pierre Salinger, ya ba da labari daga baya cewa sai da ya samo wa shugaban H. Upmann guda 1,200 kafin ya sa hannu. Masu gidajen suka fice, ba su ɗauki ƙasa ba, sai suna da sani, wasu kuma da 'yan ƙwayoyin iri. Iyalin Menéndez, masu Montecristo, suka koma tsibiran Kanari. Ramón Cifuentes na Partagás ya bar Kyuba a 1961. Cikin shekarun 1970 kotunan Amurka suka tabbatar cewa haƙƙin sunayen a cikin Amurka na tsofaffin masu su ne, su kuma suka sayar wa kamfanonin Amurka. A sauran duniya sunayen suka zauna hannun Kyuba. Cohiba ce kaɗai labarinta ya sha bamban, don bayan juyin juya hali aka ƙirƙire ta, a 1966, ba ta da mai ita a gudun hijira. Kamfanin General Cigar ya nemi rajistar sunan a Amurka a 1978, kuma shari'ar da Kyuba ta shigar a 1997 ta ci fiye da shekara 25.

Babbar matsalar 'yan gudun hijirar ita ce rigar waje, wadda ke son ganye mai laushi marar tabo. A nan ne Afirka ta shigo labarin. A gabashin Kamaru, wajen Batouri, da ƙetaren iyaka a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ƙananan manoma na shuka wani irin taba mai asalin Sumatra, wanda kamfanin tabar gwamnatin Faransa, SEITA, ke saye yana gwanjonsa a Faris. Ganyen siriri ne, yana da ɗan kaushi-kaushi da zaƙi-zaƙi. Shi aka naɗe Montecruz ta Kanari da shi, shi kuma ya zama rigar Partagás ta Amurka, wadda aka fara yi a Jamaika kafin a mai da aikin Santiago a Jamhuriyar Dominika. Ashe Ba'amurken da ya saba da ɗanɗanon Partagás a shekarun 1980, har ya ɗauka na Habana ne, ganyen Kamaru ne ke taɓa leɓensa. Da SEITA ta janye a farkon shekarun 1990, iyalin Meerapfel ne suka ɗauki cinikin.

Nikaraguwa ta shigo da ƙasarta mai toka ta dutse mai aman wuta a Estelí da Condega, da kwarin Jalapa. José Orlando Padrón, wanda ya fara a Miami a 1964, ya buɗe masana'anta a Estelí a 1970. Yaƙin da ya kai ga hawan 'yan Sandinista a 1979 ya ƙone masana'antu, takunkumin Reagan na 1985 zuwa 1990 kuma ya kori aikin zuwa Danlí a Honduras na ɗan lokaci. Iyalin Fuente suka tare a Santiago a 1980, kuma a 1995 suka fitar da OpusX da rigar da aka noma a Dominika, abin da ake cewa ba zai yiwu ba. Mafi zafin mari ga Habana ya zo ne daga Zino Davidoff, mai shahararren kanti a Jeniba, wanda ya ƙone tabar Kyuba fiye da 100,000 a bainar jama'a a 1989 don a cewarsa ba ta kai ba, sa'an nan ya mai da sunansa Dominika.

A 1992 Marvin Shanken ya kafa mujallar Cigar Aficionado a New York, ta kawo gwaji irin na makanta: a cire zoben takarda mai suna, a sa lamba, a ba da maki daga cikin 100. Da ta fara zaɓen gwarzuwar shekara a 2004, Padrón ta Nikaraguwa ce ta ci. Kalmomin da ake kwatanta ɗanɗanon da su, fata da koko da barkono da gahawa, an aro yawancinsu daga masu ɗanɗana ruwan inabi, kuma bai kamata a ɗauke su kamar ma'aunin sikeli ba, tunda aikin hannu ne, biyu daga akwati guda ma suna iya saɓawa. Yawan maki kuma bai rage illa ba: rahoton Cibiyar Nazarin Cutar Daji ta Amurka na 1998 ya danganta wannan taba da dajin baki da maƙogwaro, ko da mai sha bai haɗiyi hayaƙin ba.

Masu goyon bayan Habana suna cewa ɗanɗano a ƙasa yake, ƙasar Vuelta Abajo kuwa ba ta yi hijira ba. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai ta manta da iri. Cutar fumfuna mai shuɗi ta cinye mafi yawan amfanin Kyuba a kakar 1979 zuwa 1980, kuma daga baya aka maye gurbin tsofaffin irin Corojo da Criollo da aurarru masu jure cuta, kamar Habana 2000 da Criollo 98 da Corojo 99. Tsohon Corojo, wanda ya yi wa tabar zamanin Churchill riga, yanzu a kwarin Jamastrán na Honduras iyalin Eiroa ke noma shi. Shugaba Obama ya sassauta wa matafiya shigo da tabar Kyuba a 2014 da 2016, har wasu suka sami damar gwada Partagás biyun a teburi guda a gidajensu. A Satumba 2020 gwamnatin Trump ta sake haramta shigo da ita.