Kattabomman: yadda sinima ta naɗa wa tarihi rawani

Idan aka ce fim ɗin Indiya, abin da galibinmu muka sani a gidajen sinima na Maraɗi da Damagaram shi ne na Bombai, cikin harshen Hindi. Amma can kudancin ƙasar, a birnin Madaras, wanda ya koma Cannai a 1996, akwai wata sinima dabam mai magana da harshen Tamil, wadda ta ƙware wajen fina-finan tarihi. Mafi shahara a cikinsu shi ne Veerapandiya Kattabomman, wanda B. R. Panthulu ya shirya a 1959.

Kattabomman ƙaramin sarki ne na Panchalankurichi. Kamfanin Ingila mai fataucin Indiya ya karɓe ikon tara haraji a yankin, shi kuwa ya yi ta jan ƙafa wajen biya. A 1798 ya gana da Jackson, mai karɓar haraji, a Ramanathapuram. Ganawar ta ƙare da faɗa, har wani hafsan Ingila ya mutu. Kamfanin ya yi bincike, ya wanke Kattabomman, ya sauke Jackson. Duk da haka a 1799 sojojin Manjo Bannerman suka ci ganuwarsa, ya gudu, sarkin Pudukkottai ya sa aka kama shi, aka rataye shi a Kayathar ranar 16 ga Oktoba.

Wannan shi ne ƙashin labarin. Naman kuwa Sivaji Ganesan ne ya sa masa. A wurin da ya fi ratsa zukata, sarkin yana tsaye gaban Jackson yana tuhumarsa: da wane haƙƙi baƙon da bai taɓa noma ƙasar ba zai nemi rabo daga amfaninta? Babu takardar da ta adana irin wannan jawabi. Alƙalamin Sakthi Krishnasamy ne, marubucin wasan daɓen da aka gina fim ɗin a kansa. Sai dai shekaru 12 kacal bayan samun ƴancin Indiya, masu kallo sun ji a bakin Sivaji abin da iyayensu suka haɗiye. Yara suka haddace jawabin suna karanta shi a gasar makarantu, kuma sunan Ettappan, sarkin da fim ɗin ya nuna yana bayan Turawa, ya zama wa Tamilawa sunan kowane maci amana. A 1960, a bikin fina-finan Afirka da Asiya na Alƙahira, Sivaji ya karɓi lambar gwarzon ɗan wasa.

Ba kowa ne ya yarda ba. Mawaƙi Kannadasan ya ce Kattabomman, wanda kakanninsa masu harshen Telugu ne, bai cancanci wannan matsayi ba, domin ya sha kai hari ƙauyukan maƙwabta. Ya fitar da nasa fim ɗin a shekarar, Sivagangai Seemai, a kan ƴan'uwan Marudu da aka rataye a 1801. Bai yi kasuwa ba. A ganina gardamar asali ba ta da nauyi, tun da zuriyar ta daɗe a ƙasar. Amma ta biyu tana da shi. Mutumin 1799 sarautarsa da kuɗin shigarsa yake karewa, bai san wata al'umma mai suna Indiya ba. Wannan bai rage masa jarunta ba, sai dai fim ɗin ya ɗora masa manufar da ta zamanin Panthulu ce.

Mu malamai mun san wannan matsala a aji. Ɗalibin da ya karanta Sarraounia na Abdoulaye Mamani, ko ya ga fim ɗin Med Hondo na 1986, da wuya ya raba abin da ya faru a Lugu a 1899 da abin da marubuci ya ƙaga. Tamilawa sun riga mu shiga wannan hali: ga da yawansu, fuskar Kattabomman da muryarsa na Sivaji ne. Shi ɗan wasan ma bai tsaya a majigi ba. Ya sayi fili a Kayathar, inda aka yi ratayar, ya kafa wa sarkin mutum-mutumi a 1970.